Kada mu ɗora wa rana wankin da ba ta iya yi



Bayan rasuwar kakarmu, Allah ya jiƙanta, da aka yi sadakar arba'in, Inna ta sa mu kwashe ɗakinta. A ƙarƙashin gado muka iske wani babban gwangwanin madara cike da magunguna. Ta daɗe tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa, kuma duk wanda ya zo dubiya da abin da yake riƙo mata: wannan daga farmasi, wancan daga mai tebur, wani ma an ce tsarabar Makka ce. Ƙwayoyi ne iri-iri, wasu sun narke sun manne da leda, ga kwalaben siro da aka sha rabi aka aje. Ƙanena ya ce, "Yaya, ina za a kai wannan tarkace?" Ban ko tsaya tunani ba na ce ya juye a kwata. Ya juye, ya bi da ruwan bokiti. Kwatar gidanmu kuwa ba ta da wata mafita sai tabkin bayan unguwa, inda yara ke wanka da damina, inda awaki da shanu ke sha, inda masu lambu ke ɗiba da rani.

Da dare a fada, ana jiran shayi na biyu, na ba da labarin, don abin ya tsaya mini a rai. Wani abokinmu ya yi dariya ya ce, "Kai ma dai da neman damuwa. Wannan ranar tamu da ke narka kwalta, ita ce za ta bar ƙwayar magani a cikin ruwa? Kafin la'asar ta cinye shi." Kowa ya yarda da shi, aka wuce zancen ƙwallo. Ni kuwa na koma gida na shiga bincike, da niyyar in dawo in kayar da shi. Abin da na tarar ya ba ni mamaki: rabin maganarsa gaskiya ce. Kuma wannan rabin gaskiyar ita ce ta sa na zauna rubuta wannan, domin ita muke fakewa da ita muna zuba abin da muka ga dama a ruwa.

Mu fara da yadda magani ke isa ruwa. Ba sai an juye gwangwani a kwata ba. Duk maganin da ka haɗiya, jiki ba ya cinye shi duka. Wanda ya sha amoksisilin, fiye da rabinsa yana fita ta fitsari yadda ya shiga, cikin ƴan awoyi. Metformin na masu ciwon suga kusan haka yake fita, jiki bai taɓa shi ba. Siprofloksasin ma kusan rabi. Ka haɗa da allurar da ake yi wa shanu da tumaki, da ƙwayoyin da ake zuba wa kaji a ruwan sha, da ruwan dattin gidajen likita, da maganin da ya lalace ake watsarwa a bola. Duka hanyarsu ɗaya: masai, kwata, tabki, gulbi, ko ƙarƙashin ƙasa.

Don kada wani ya tsorata ya daina shan ruwan pampo, in faɗi girman abin. Yawanci ana auna shi da mikrogaram a lita, ko ƙasa da haka. Ka ɗauki ƙwayar parasetamol ɗaya mai miligaram 500, ka narka ta a jarkoki 20,000 masu lita 25, to mikrogaram ɗaya a lita ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2012, ta ce ɗan abin da ake samu a ruwan sha da aka tace yana ƙasa nesa da adadin da ke aiki a jikin mutum. Ba wanda zai sha kofi ɗaya ya faɗi. Matsalar tana wurin masu zama cikin ruwan dare da rana, wato kifi, kwaɗi, ciyayi, da uwa uba ƙwayoyin cuta. Zan dawo kansu.

To me rana ke yi? A cikin haskenta akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV. Shi ne ke sa atamfa ta koɗe a kan igiya, shi ne ke sa kujerar roba da aka bari a tsakar gida ta bushe ta karye. Ƙwayar sinadarin magani kuwa kamar carbi take: ƴaƴa a jere, da zaren da ke riƙe da su a wani tsari. Tsarin ne ke sa magani ya yi aiki. Idan wannan haske ya bugi sinadarin, ya kuma kasance irin wanda ke shan hasken, sai zaren ya tsinke, tsarin ya watse. Hanya ta farko ke nan, ta kai tsaye.

Hanya ta biyu ta fi ban sha'awa. Akwai magungunan da ba su shan hasken rana sosai, amma ruwan da suke ciki yana da wasu abubuwa masu sha, kamar nitrat da ke fitowa daga taki da fitsari, da ruɓaɓɓen ganyen da ya narke. Idan rana ta bugi waɗannan, sai su haifar da wasu ƴan sinadarai masu zafin nama, irin wanda ake kira hidroksil. Ransu bai kai ƙiftawar ido ba, amma duk abin da suka ci karo da shi sai sun yage shi. Rana ke nan ta aiki ƴan sako su yi mata aikin.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 1998 wasu masana a ƙasar Suwis sun bi sawun diklofenak, maganin ciwon jiki da kowa ya sani, a tabkin Greifensee kusa da birnin Zurich. Sun auna abin da ke shiga tabkin da abin da ke fita, suka tarar fiye da kashi 90 cikin 100 yana ɓacewa a ciki. Da suka aje ruwan a duhu, maganin ya zauna daram. Da suka aje shi a rana, rabinsa ya tafi cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Wannan fa ranar Suwis ce, mai leƙowa ta koma. Ina ga tamu? Nan abokina na fada ya yi gaskiya, kuma na faɗa masa haka.

Amma akwai sharuɗɗa huɗu da bai sani ba, ni ma ban sani ba ranar da na ce a juye gwangwanin kaka.

Na farko, ba kowane magani ke jin rana ba. A 2003 wasu masu bincike na Italiya sun ƙiyasta kwanakin da rabin magani zai ɗauka kafin ya lalace a saman ruwa, a lokacin sanyin Turai. Sulfametoksazol, wanda ke cikin kotrim, kwana biyu da ɗan wani abu. Diklofenak, kwana 5. Amma karbamazefin, maganin farfaɗiya, kusan kwana 100. Ranarmu ta fi tasu ƙarfi, za ta rage kwanakin, sai dai mai taurin kai mai taurin kai ne a ko'ina. Shi ya sa karbamazefin ke cikin waɗanda aka fi samu a kogunan duniya.

Na biyu, kuma shi ne ya fi shafarmu: haske sai ya shiga ruwa kafin ya yi aiki. Tabkin Suwis garau yake. Kai je tabkin unguwarku ka tsoma hannu zuwa gwiwar hannu, ka ga ko za ka hango yatsunka. A ruwa mai laka, wannan haske ba ya wuce ƴan santimita na sama. Abin da ke ƙasa yana cikin inuwa ko da rana ta take tsaka. Mutanen Yamai sun san yadda kogi ke yin ja a watan Agusta da Satumba, idan Sirba da Dargol da Gorouol suka kwaso jar ƙasa suka zuba. Mutanen Maraɗi sun san launin gulbi idan ya kawo. Lokacin da ruwan sama ke wanke bola da kwatoci yana kai su tabki, lokacin ne ruwan ya fi duhu. Sannan mu da kanmu muna ƙara masa murfi: baƙar leda, gorunan roba, kainuwa da ke shimfiɗa a sama saboda dattin da muke ciyar da ita. Zanen da aka shanya a ninke, bayansa ne ke koɗewa, cikin ninkin launi na nan yadda yake. Tabkunanmu a ninke suke.

Na uku, tsinkewar carbi ba ta nufin ƴaƴan sun ɓace. Idan rana ta fasa magani, gutsattsarinsa suna nan, kuma wani lokaci sun fi uwar illa. Karbamazefin idan ya fashe yana iya haifar da akridin, wanda guba ne. An gwada gutsattsarin diklofenak a kan gansakuka, aka ga sun fi shi kansa cutar da ita. Triklosan, wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da aka daɗe ana sawa a wasu sabulai da man goge haƙori, rana tana iya juya wani kashinsa ya koma wani nau'i na dayoksin. Aikin ba ya kammala sai an ba shi lokaci, rana ta ci gaba da bugu, ƙananan halittun ruwa su ƙarasa cinye saura. Idan kullum ana zuba sabo, ba ranar gamawa.

Na huɗu, akwai wuraren da rana ba ta taɓa leƙawa ba. Ba ta shiga masai. Ba ta shiga rijiya mai gaba goma. Ba ta shiga lakar gindin tabki, inda magunguna irin tetrasiklin da siprofloksasin ke mannewa su kwanta. Abin da ya tsiyaye daga masai ya bi ƙasa ya sadu da ruwan rijiyar maƙwabci, a duhu ya tashi, a duhu ya iso. Shi ya sa ƙa'idar masu aikin tsabta ta ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Ku duba gidajen hayarmu ku faɗa mini nawa ne suka cika wannan.

Diklofenak ɗin nan da rana ke fasawa cikin awa ɗaya, shi ne ya kusan ƙarar da ungulayen Indiya da Pakistan. A shekarun 1990 aka riƙa yi wa shanu allurarsa. Saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulu ta ci mushen, ƙodarta ta lalace. Wasu nau'o'in sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Sai a 2004 aka tabbatar da dalilin, a 2006 Indiya ta hana amfani da shi ga dabbobi. Can ma akwai rana mai zafi. Maganin ne ya ɓuya a cikin nama, inda ba ta kai.

Ga kuma wani labari da ya fi kusa da gida. A 2013 wasu masana sun ba da sanarwar cewa sun gano tramadol a saiwar tafashiya, wadda aka samo daga arewacin Kamaru. Duniya ta yi ta murna, wai ashe itace na yin tramol da kansa. Shekara ɗaya bayan haka wasu masana daga Jamus tare da abokan aikinsu na Kamaru suka sake dubawa. Suka tarar saiwar tana ɗauke da shi ne a yankin da manoma ke shan tramol don su jure aikin gona, suna kuma ba shanun huɗa. Fitsarin mutane da na dabbobi ya shiga ƙasa, ya shiga ruwa, har wasu itatuwan da ba tafashiya ba sun sha. A 2016 gwajin da aka yi wa sinadarin ya nuna na masana'anta ne. Yankin nan ba shi da bambanci da namu: rana ɗaya, noma ɗaya, tramol ɗaya. Duk wanda ya san yadda ƙwayar nan ke yawo a tashoshinmu da kasuwanninmu, ya tambayi kansa ina take ƙarewa.

Me ya sa abin zai dame mu, tun da na ce adadin kaɗan ne? Saboda antibiyotik. Ƙwayar cuta idan ta zauna cikin ruwan da ke da ɗan magani kaɗan, wanda bai isa ya kashe ta ba, horo take samu. Masu rauni su mutu, masu juriya su hayayyafa, har su riƙa miƙa wa juna dabarar. Tabkin da ya haɗa kashin mutane, fitsarin dabbobi da ragowar magani lakwal ne na ƙwayoyin cuta. Ranar da yaron da ya yi wanka a ciki ya kamu da zawo, a kai shi gidan likita, sai a ga maganin jikka biyu ba ya ji, sai na jikka ashirin, in akwai. Mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Babban dalili shi ne shan magani barkatai, amma ruwan datti hanya ce da juriyar ke yaɗuwa.

A 2022 ɗin dai, wani babban bincike da Jami'ar York ta Ingila ta jagoranta ya auna koguna 258 a ƙasashe 104. A fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wuraren, an samu aƙalla magani ɗaya da ya wuce adadin da ake ganin ba ya cutar da halittun ruwa. Wuraren da suka fi gurɓata suna Lahore ta Pakistan, La Paz ta Bolibiya da Addis Ababa ta Habasha. Ku lura, ba ɗaya daga cikinsu da ke ƙarancin rana. Abin da ya haɗa su shi ne ruwan datti da ke zuba a kogi ba tare da an gyara shi ba. Wanda ya taɓa tsayawa bakin Gunti Yena a Yamai, ya ga abin da take kaiwa kogi, ya ga lambunan salati da kabeji da ke sha daga gare ta, ya san wannan hoton ba baƙo ba ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mun juya lamarin kai a ƙasa. Maganin da ya kamata a ɓoye wa rana, shi muke shanya mata. Dubi mai tallan magani da faranti a ka, ko tebur a bakin tasha, tun hantsi har la'asar. Ranar da ke fasa magani a ruwa ita ce ke fasa shi a kan farantin. Ba don ado ake zuba siro a kwalba mai ruwan ƙasa ba, ba don ado ake rufe wasu ƙwayoyi da takardar alminiyom ba. Nifedifin na hawan jini, haske kaɗan ke lalata shi. Tetrasiklin da ya tsufa cikin zafi da laima, tun shekarun 1960 likitoci suka rubuta yadda ya taɓa ƙodar waɗanda suka sha. Kakata ta sha irin waɗannan, Allah kaɗai ya san nawa ne suka rage da ƙarfinsu. Ka saya da kuɗinka, ka sha rabin ƙarfi, ciwon bai tafi ba, ƙwayar cutar ta ƙara wayo. Sannan ragowar, wadda ya kamata a fasa, sai mu jefa ta masai, inda rana ba za ta taɓa ganinta ba. Inda ake son inuwa mun sa rana, inda ake son rana mun sa inuwa.

In ja hankali kan wani abu, don kada a haɗa biyu. Da yawanku kun ji dabarar cika gorar roba mai haske da ruwa a shanya a kan kwano awa 6, ko kwana biyu in akwai hadari. Dabara ce ta gaskiya, masana na Beirut da na Suwis sun gwada ta, tana kashe ƙwayoyin cutar zawo muddin ruwan ba shi da laka. Amma aikinta kashe masu rai ne. Ba a yi ta don cire magani ko guba ba. Tafasawa ma haka. Akwai abin da ko shekara aka shanya ba zai motsa ba. Mutanen Tibiri ta Gobir ba su manta ba: daga 1985 aka riƙa shan ruwan pampo garau, mai ɗauke da sinadarin fuliwor da ya wuce kima, yara suka tashi da ƙasusuwa a karkace. Ruwa mai haske ba lallai ne mai lafiya ba, awo ne ke faɗa.

To mene ne mafita? Ni a ganina biyu ce: mu rage abin da muke zubawa, mu kuma ba rana filin da za ta yi aikin da ta iya.

Ba rana fili ba sabon ilimi ba ne. Akwai tsarin gyaran ruwan datti da ake yi da jerin tabkunan da aka gina. Ruwan ya fara shiga mai zurfi, datti ya kwanta. Ya wuce na biyu, gansakuka da ƙananan halittu su ci abin da za su ci. Ya ƙare a na ƙarshe, mai faɗi marar zurfi, wajen mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, inda rana ke ratsawa kwana da kwanaki. Ba ya son lantarki mai yawa, ba ya son injin da za a jira kayan gyaransa daga Turai. Fili yake so, da rana, da mai kula. Maƙwabtanmu na Wagadugu sun gina irinsa a Kossodo tun 2004. Ba ya cire komai da komai, amma tsakaninsa da sakin kwata kai tsaye cikin gulbi akwai nisa.

Ga ruwan da ya fi haɗari, irin na gidajen likita, akwai dabarun ƙara wa rana ƙarfi. A hamadar Tabernas, kusa da Almería a Sifaniya, akwai cibiyar binciken hasken rana da ta yi shekaru tana gwada wannan: a bi da ruwa ta bututun gilashi da madubai a bayansu, a ƙara masa ɗan gishirin ƙarfe da ruwan oksijene, wanda muke wanke ciwo da shi, ko farar hodar titaniyom. Sai ƴan sakon nan masu zafin nama su yawaita, su fasa har masu taurin kai irin karbamazefin. Sun zaɓi wurin ne don ya fi yawancin Turai rana. Mu kuwa wannan ranar ita ce abin da muke kuka da shi tun daga Maris har Mayu.

Kuma ba mu da uzurin cewa ilimin rana na wasu ne. Farfesa Abdu Mumuni Diofo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa daga 1969 zuwa 1985. Tun kafin a haifi yawancinmu yake ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki da hasken rana a nan ƙasar. Yau muna da jami'a a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da ɗaliban kimiyya masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Ga tabkin Madarumfa, ga na Tabalak, ga tabkunan cikin garin Damagaram, ga rijiyoyin unguwanni. A auna su da damina, a auna da rani, a gwada kwana nawa ranarmu ke ɗauka kafin ta fasa magungunan da mu muke sha. Sakamakon kuma a faɗe shi da Hausa da Zabarmanci a rediyo, kada ya kwanta a kabad da Faransanci.

Ga hukumomi, buƙatunmu ba masu tsada ba ne. A sa akwati mai makulli a kowace farmasi da kowane gidan likita na unguwa, inda mutum zai kai ragowar magani ba tare da an tambaye shi komai ba. Abin da aka tara a lalata shi bisa ƙa'ida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana hanyoyin tun 1999: ko a ƙona a wuta mai zafin da ya wuce digiri 1,200, ko a niƙa a kwaɓa da siminti da farar ƙasa ya daskare kafin a binne. Ta ma ambaci murhun masana'antar siminti a matsayin wanda ya dace, mu kuwa muna da irinta a Malbaza. Tara kwalayen jabun magani a bayan gari a cinna musu wuta da fetur a gaban kyamara, hayaƙi ne ga unguwar da ke kusa, toka kuma ga ruwan sama na farko. Ma'aikatun magajin gari su daina barin motocin kwasar masai suna juyewa a inda dare ya yi musu. Kada a ƙara buɗe gidan likita, na gwamnati ko na kuɗi, sai an nuna inda ruwan dattinsa zai bi.

Mu kuma namu ya fi sauƙi. Kada ka sayi antibiyotik don mura ko don wani ya ce ya yi masa aiki. Wanda likita ya rubuta, ka sha yadda ya ce, kada ka aje rabi don gaba. Kada ka sayi maganin da ya wuni a rana, ko da ya fi araha. Ragowar da ke gida kada a zuba a masai, ko kwata, ko a ƙona a murhu. A ɗaure a leda, a sa a gwangwani mai murfi nesa da yara, a kai farmasi a tambaya ko suna karɓa. Ko sun ce a'a, mutum ɗari in suka yi tambaya ɗaya, magana ta isa inda ake so. Mai kiwo ya tambayi malamin dabbobi kwana nawa zai jira bayan allura kafin ya sayar da nono ko ya yanka. Ƴan fada kuma, aikin gayyar da muke yi na share titi ranar Lahadi, mu kai shi bakin tabki. Kowace leda da aka tsamo, taga ce aka buɗe wa rana.

Na koma fada na karanta wa abokina duk wannan. Ya yi shiru, can ya ce, "To ai ban yi ƙarya ba, rana na ci." Na ce ba ka yi ba, amma abin da aka miƙa mata take ci. Washegari shi ne ya fara kawo mini ledar magungunan mahaifiyarsa, yana tambaya ina za a kai. Yanzu haka leda uku ke ɗakina a cikin gwangwanin kaka, wanda na wanke na aje. Ranar Litinin zan zagaya farmasin unguwa da su, kuma zan dawo nan in faɗa muku amsar da aka ba ni.

Ku ma ku leƙa ƙarƙashin gado da saman kabad a gidajenku. Ku rubuto mana a ƙasa abin da kuka samu, da garin da kuke, da inda kwatar gidanku ke ƙarewa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.